Kaskar da ta kashe raguna a hunturu ta ɓata hantsa da damina: nazarin wani garke a ƙasar Yawuri

Garken na wani ɗan kasuwa ne a ƙasar Yawuri, kudancin Jihar Kebbi, ba nisa da fadamun Kogin Kwara. Shanun gida ne, Bokoloji da farare, suna hannun wani makiyayi Bafulatani, ga jajayen awaki, ga zabi da kaji suna yawo cikin mashekari. Bayan kaka, lokacin da harawa ke araha, mai garken ya sayo ragunan Uda da Balami daga wata kasuwa ta can arewa kusa da iyakar Nijar, da niyyar turka su. Don a rage kuɗin abinci sai aka riƙa sakinsu da rana suna bin shanu zuwa bakin fadama.

Sati uku ba su cika ba rago na farko ya ƙi cin dusa. Washegari yana tsaye kai a sunkuye, yana tauna ba komai a bakinsa, yana ɗaga ƙafa sama in zai yi taku kamar mai tsallake ruwa. Kafin la'asar ya faɗi a gefe ɗaya, wuya ya sandare baya, ƙafafu suna tuƙa iska. Aka yanka shi. Cikin kwana goma wasu suka bi, ɗauki ɗai-ɗai, kuma duk cikin baƙin raguna. Shanu lafiya lau, awakin da aka haifa a wurin ma haka.

Da malamin dabbobi ya ambaci kaska, mai garken bai yarda ba. "Likita, Disamba muke fa. Kaska ai sai damina. Duba su da kanka, ko ɗaya babu." Makiyayin ma ya goyi bayansa, kuma ba ƙarya suka yi ba: babbar kaskar da suka sani babu ita a jikin ko dabba ɗaya.

Abin da aka gani a gawa da jikin masu rai

Da aka buɗe ƙirjin ragon da aka yanka, jakar da ke lulluɓe da zuciya cike take da ruwa rawaya garai-garai. Akwai irinsa a kogon ƙirji, huhu ya jiƙe ya yi nauyi, kumfa na fita daga maƙogwaro. An aika kan zuwa ɗakin gwaji. A can aka ɗebi ɗan ɓangaren ƙwaƙwalwa, aka murƙushe shi tsakanin gilasai biyu, aka rina da rinin Giemsa, sai ga tarin ƙwayoyin cuta a bangon ƙananan jijiyoyin jini. Wannan shi ne ciwon ruwan zuciya, wanda ƙwayar Ehrlichia ruminantium ke haddasawa. Tsofaffin littattafai suna kiranta Cowdria ruminantium, a 2001 aka sauya mata suna. Ba ta wucewa daga dabba zuwa dabba ta numfashi ko ruwan sha. Kaska ce ke kai ta, kuma ba kowace kaska ba, sai 'yan gidan Amblyomma.

A nan wajibi ne a yi togiya: ba kowace dabba da ta mutu farat ɗaya ake buɗewa ba. In an ga baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, ana zargin ciwon saifa ne, ba a feɗewa, ba a ci.

Sai aka koma kan ragunan da suka rage, aka kayar da su ɗaya bayan ɗaya a cikin hasken rana. An buɗe tsakanin kofato, an bi bayan ƙafa, gefen kunne, hammata da matsematsi da ɗan yatsa. A nan aka samo su: 'yan ƙanana masu launin ƙasa-ƙasa, waɗanda ba su sha jini ba ba su wuce ƙwayar gero ba, waɗanda suka ƙoshi sun yi kamar ƙwayar dawa, launinsu toka-toka. Makiyayin ya san su, amma bai taɓa ɗaukarsu 'ya'yan babbar kaskar damina ba. A wurinsa wani iri ne daban, mara cutarwa.

Yadda aka gane ta

Hausa kalma ɗaya take da ita, kaska, ga halittu fiye da goma da ke hawa dabbobinmu. Fulani sun fi rarrabewa: babbar mai dogon baki suna ce mata koti, ƙananan kuma miri. Koti ɗin nan ita ce Amblyomma variegatum, wadda masanin ƙwari Fabricius ya bayyana a 1794. Za mu kira ta kaska mai ado.

Tana cikin kaskoki masu tauri, wato masu garkuwa a baya da baki mai fitowa gaba, saɓanin lallausar kaskar akurkin kaji da ke ɓuya a tsagar bango ta fito da dare. A jikin namiji garkuwar ta rufe bayan gaba ɗaya, shi ya sa ba ya kumbura komai daɗewarsa yana sha. A jikin mace garkuwar ƙarama ce, a gaba kawai, sauran jikin fata ce mai miƙewa. Saboda haka duk mai son gane iri, namiji zai nema. Macen da ta ƙoshi ta zama jakar jini, kamanninta sun ɓace, sai an leƙa 'yar garkuwar da ke kusa da kai.

Balagaggen namiji, tun daga tsinin baki zuwa baya, yana kai milimita 6 zuwa 7. Bayansa baƙi-baƙi ne mai sheƙi, an zana masa ado mai launin jan gaci ko ruwan lemo, wani lokaci da ɗan kore a gefe. Bakinsa dogo ne, a miƙe. Ƙafafunsa takwas kowace tana da zobba masu haske a gaɓoɓi. Idanunsa biyu a gefen garkuwa suke, a tashe kamar ƙananan duwatsun ado, ba a shafe ba. A bakin bayan jikinsa akwai tsaga-tsaga da suka raba gefen gida 11, kuma a wannan irin gidajen duhu ne, adon bai shiga cikinsu ba. In an kifar da shi aka dubi ciki, babu faranti masu tauri a gefen dubura. Mace kuma adonta ɗan faci ne mai haske a ƙarshen garkuwa, da dogon baki da ƙafafu masu zobba kamar na namiji. In ta ƙoshi takan kai girman ɗan dabino.

Gilashin ƙara girma na hannu, mai ninka abu sau goma, ya isa a ga duk waɗannan. Kyamarar waya mai kyau ma tana nuna adon da zobban.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakaninta da Hyalomma. Su ma dogon baki gare su, su ma ƙafafunsu da zobba, kuma suna da yawa a Kebbi da Zamfara, musamman wajen arewa da kan raƙuma. Wanda ya tsaya kan ƙafa kawai zai haɗa su. Bambancin a baya yake: garkuwar Hyalomma baƙa ce ko ja mai duhu, ba ado ko kaɗan, kuma namijinta yana da faranti a gefen dubura. Wurin zama ma yana taimakawa. Hyalomma rufipes ta fi son kewayen dubura da ƙarƙashin wutsiya, Hyalomma truncatum kuma gashin ƙarshen wutsiya da ƙafafu. Hyalomma ba ta kawo ciwon ruwan zuciya, amma tana ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai sa zubar jini a jikin mutum, dalili ke nan da ba a fasa kaska da farce.

Miri kuwa ba ta da wuyar rabewa. Bakinta gajere ne ƙwarai, ƙafafunta sirara ne masu haske ba zobba, macen da ta ƙoshi shuɗi-shuɗi ce, tana watsuwa a wuya, kafaɗa da gefen jiki. Ita ce ke kawo fitsarin jini ga shanu. Wata 'yar gidansu, Rhipicephalus microplus, ta shigo Afirka ta Yamma cikin shekarun 2000 ta hanyar shanun da aka kawo daga Brazil zuwa Kwaddibuwa da Jamhuriyar Benin, kuma an san ta da jure magani. Tun da Kebbi ta yi iyaka da Benin ta wajen Bagudo, duk miri da ta ƙi jin feshi ta cancanci a kai ta ɗakin gwaji, domin a can ne ake ƙirga layukan haƙoran bakinta: huɗu-huɗu a microplus, uku-uku a decoloratus, wato mirin da muka saba da ita.

Ƙananan da aka cire daga ragunan Yawuri ba su da ado, saboda adon sai an balaga yake fitowa. Abin da ya tona asirinsu shi ne dogon baki a jiki ɗan mitsitsi, jiki mai faɗi kusan zagaye, idanu a gefe, da tsaga-tsagan baya. Ƙafafu takwas ba ƙofar haihuwa a ciki, ke nan matakin tsakiya ne, tsakanin jaririya da balagaggiya. Da shida ne, da jarirai ne sabbin ƙyanƙyasa.

Hanyar ɗaukar samfuri ma tana ɓata aiki in ba a kula ba. Ana kama kaskar da matsefata dab da fata, a ja a miƙe a hankali, ba murɗawa, don bakin ya fito cikakke. Kaskar da bakinta ya karye ta rasa rabin shaidarta. Ana jefa ta cikin kwalba mai sifirit kashi 70 cikin 100, kwalba daban ga kowace dabba. Takardar bayani da fensir ake rubuta ta a saka cikin kwalbar, domin sifirit yana wanke tawadar biro: irin dabba, wurin jiki, ƙauye, kwanan wata.

Dabbobin da take hawa, da abin da ya sa mai garken bai ga komai ba

Kaska mai ado sau uku take shan jini a rayuwarta, kowane sha a jikin dabba daban, kuma tsakanin sha da sha tana ƙasa. A wurin da damina ɗaya ce a shekara kamar namu, zagaye ɗaya take yi a shekara.

Macen da ta ƙoshi da damina takan faɗo ta shige ƙarƙashin ganye ko ciyawa, ta zuba ƙwai dubbai, har yakan kai 20,000, sannan ta mutu. Jariran suna fitowa ƙarshen damina zuwa kaka, su hau kan ciyawa a dunƙule. Ba sa zaɓe: zabi, fakara, balbela, zomo, bushiya, awaki, tumaki, maruƙa, duk wanda ya gifta. Sukan sha na kimanin sati guda, su faɗo, su yi saɓa. Matakin tsakiya yana bayyana da sanyin hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ma a kan tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa, ƙananan namun daji, da dabbobin gida manya da ƙanana. Bayan ya sha ya faɗo, sai ya zama balagagge ya lafe a ƙasa duk tsawon bazara. Ruwan farko ne ke tashe shi. Daga nan zuwa marka balagaggu ke neman manyan dabbobi: shanu a gaba, sannan tumaki, awaki, dawaki, jakuna, raƙuma, har karnuka, da ɓauna da manyan namun daji inda suka rage. Mutum ma ƙananan sukan kama shi, kuma cizonsu yana iya kawo zazzaɓi da baƙin tabo a wurin cizon, daga ƙwayar Rickettsia africae. Kusan duk mai jini abincinta ne, shi ya sa Bahaushe ya ce da haushin kifi kaska za ta mutu.

Yanzu a haɗa lissafin. Jaririyar kaska ta sha jinin saniya ko akuyar gida wadda ke ɗauke da ƙwayar ruwan zuciya ba tare da ta nuna ciwo ba. Ƙwayar ta zauna a jikinta har bayan saɓa. A Disamba, tana matakin tsakiya, ta kama tsakanin kofaton baƙon rago, ta zuba masa ƙwayar, ta ƙoshi cikin kamar sati guda, ta faɗi. Ciwon kuma sai bayan kimanin sati biyu, wani lokaci uku, yake bayyana. Ranar da ragon ya fara tauna iska, wadda ta yi ɓarnar ta daɗe a ƙasa. Ko da tana nan, ba wanda ke buɗe kofaton rago da sanyin hunturu yana neman abu kamar ƙwayar gero.

Me ya sa baƙi kawai? 'Ya'yan dabbobi suna da wata juriya ta haihuwa, ta kimanin sati uku zuwa huɗu ga maraƙi, ta kusan sati ɗaya ga ɗan tunkiya da ɗan akuya. Wanda kaska ta ciza a wannan lokaci yakan samu kariya ba tare da ya kwanta ba, kuma cizon kowace shekara yana sabunta ta. Ƙasar Yawuri da Zuru tana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, ga ciyawa da inuwa, kaskar tana jin daɗi. Can arewa mai yashi inda ragunan suka tashi, ruwan bai kai haka ba, kaskar ba ta da yawa, raguna da dama sun girma ba su taɓa haɗuwa da ƙwayar ba. Haka yake faruwa da shanun madara 'yan ƙasar waje da ruwa-biyunsu. Ciwon ba sabo ba ne a arewacin Najeriya: tun shekarun 1970 A. A. Ilemobade ya yi bincike a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Abin da aka yi wa ragunan

An daina sakinsu, aka mayar da su turke a fili sharare nesa da mashekarin shanu. Kowace safiya ana auna zafin jikinsu ta dubura. Na tunkiya mai lafiya yana tsakanin digiri 38.5 da 40. Duk wanda ya haura 40.5 da safe ana yi masa allurar oksitetirasaikilin nan take, ba a jiran wata alama. Mai dogon aiki, wadda ke da miligiram 200 a kowane mililita, ana ba da mililita 1 ga kowane kilo 10, wato rago mai kilo 40 zai samu mililita 4, can cikin tsoka. Waɗanda aka kama a matakin zazzaɓi sun tashi. Wanda ya riga ya faɗi yana tuƙa ƙafa, allurar ba ta cece shi ba, kuma haka aka saba gani: da zarar ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, magani ba ya cika amfani. Ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan ya fi kwalbar allura muhimmanci a wannan ciwo. An kuma gargaɗi mai garken kada a yanka wanda aka yi wa allura don ci sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.

Da damina ta faɗi

A watan Yuni aka sake kiran malamin dabbobi, wannan karon saboda shanu. Yanzu ba mai musu, koti ta fito. An same ta cunkus a hantsa, maraina, hammata, ƙirji, fatar da ke reto ƙarƙashin wuya da gindin wutsiya, maza da yawa a manne wuri ɗaya, mata a tsakiyarsu suna kumbura. Wata saniya kan nononta ɗaya ya rube, maraƙi ya kasa kamawa. Wasu biyu kirci ya fara fito musu a baya, gashi ya tashi tsaye a dunƙule da ɓawo.

Cunkoson nan yana da dalili. Maza ne ke fara kamawa. Bayan 'yan kwanaki suna sha sai su fitar da wani wari da ke kiran sauran maza da mata, kuma mace ba ta cika kama dabbar da babu namiji a kanta ba. Mace takan ƙoshi cikin sati ɗaya zuwa biyu ta faɗi, namiji kuwa yana iya yin watanni a wurin. Dogon bakin yana huda fata har can ciki, in an fizge ya karye sai wurin ya yi mugunya, ƙuda ya zuba tsutsa. Kirci kuma ƙwayarsa daban ce, Dermatophilus congolensis, ba kaskar ke zuba ta ba, amma yawun balagaggiyar koti yana raunana garkuwar jikin saniya, kircin da da zai tsaya ɗan kaɗan sai ya mamaye jiki.

Mai garken ya ce ai an yi magani. Da aka bincika, kurakurai uku ne. An yi wa shanun allurar ibamektin, wadda ta fi tasiri kan tsutsar ciki da miri mai zama jikin dabba ɗaya, ba kan koti da ke ta hawa sabuwa kullum daga daji ba. An yi feshi, amma daga sama, a gadon baya, alhali kaskar a ƙarƙashi take. Kuma an auna maganin da murfin kwalba da ido, aka raba jarka ɗaya ga garke duka. Maganin feshi na amitiraz mai ƙarfin kashi 12.5 cikin 100 ana zuba mililita 2 ne a kowace lita ta ruwa, wato mililita 40 a jarka mai lita 20, da sirinji ake aunawa, kuma babbar saniya tana buƙatar lita da dama kafin ta jiƙe. Bakin famfon sama ake juya shi, a bi ciki, hantsa, matsematsi, ƙarƙashin wutsiya da ƙafafu. Ba a fesa amitiraz wa doki ko jaki, yana tsayar musu da hanji. Baƙin man inji da maganin ƙwarin gona da wasu ke shafawa a hantsa suna ƙona fata su shiga nono, bai kamata a ko gwada ba.

Cirewa da hannu da Fulani ke yi da safe wajen tatsa ba abin rainawa ba ne, musamman in an fi bin maza tun farkon damina kafin su kira mata. Sharaɗin shi ne a jefa abin da aka cire a wuta ko kananzir. Macen da aka yar a mashekari ƙwai za ta zuba a nan.

Akwai kuma wata dabara da ta fito daga binciken Frédéric Stachurski a Burkina Faso. Ya lura cewa balagaggiyar koti a wurin kiwo tsakanin kofato take fara kamawa, sai shanu sun kwanta da dare take saki ta koma hantsa da ƙirji. Saboda haka in an gina ɗan kwarmin siminti a ƙofar shinge, aka zuba ruwan magani da zai rufe kofato, shanu suka ratsa da yamma in sun dawo, kowane kwana biyu ko uku a watannin farkon damina, ana kashe yawancinta kafin ta isa hantsa, da magani kaɗan. Dabarar ta dace da garke mai kwana wuri ɗaya kamar wannan. Ga mai tashi da shanu, ba ta yi ba.

Makiyayin ya tambaya ko a kori zabin, tun da an ce suna ɗauke da 'ya'yan kaska. Ba a ba da wannan shawara ba. Zabi da kaji suna ɗaukar ƙananan, amma suna tsince waɗanda suka faɗo a mashekari, kuma ko an kore su fakara da zomo da balbela suna nan. Balbela ma ita ake zargi da yaɗa wannan kaska tsakanin tsibiran Karibiyan, bayan shanun da aka ɗauka daga Senegal sun kai ta Gwadalup, inda har yau ake kiranta kaskar Senegal. Haka nan ba a nemi a share kaska kakaf daga jikin shanun gida ba, domin maraƙin da bai taɓa jin cizonta yana ƙarami ba, shi ne baƙon ragon gobe. Abin da aka tsara shi ne feshi mai ƙarfi daga ruwan farko zuwa marka don kare hantsa da rage kirci, a sassauta da rani, sannan duk baƙuwar dabba daga arewa ta zauna a turke, a riƙa buɗe kofatonta da kunnenta sau biyu a sati, ana auna zafinta kowace safiya har ta yi wata guda da rabi.

Saniyar da kan nononta ya rube ta warke, amma da uku ake tatsarta yanzu.